Yadda ake kammala dogon tseren kan duwatsu ko da atisayenka bai cika ba

Tseren da nake magana a kai shi ne wanda ya zarce kilomita 42 na gudun fanfalaki, kuma ba a kan kwalta ake yinsa ba. 'Yar siririyar hanyar ƙafa ake bi, a hau dutse a sauka, a sake hawa. Na sha shiga irinsa, kuma ba kowane karo ne atisayen da na tsara yake samuwa ba; aiki da hidimar iyali sukan cinye rabinsa. Idan kai ma ka biya kuɗin rajista, rana ta matso, ka duba ka ga shirinka bai taka kara ya karya ba, to da kai nake. Ana iya kammalawa. Amma tunda ƙarfin da za ka jingina da shi babu shi, lissafi ne zai kai ka: na lokaci, na abinci, da na abin da cinyoyinka za su iya ɗauka a gangara.

Misalin da zan riƙa komawa gare shi shi ne Transvulcania, wanda ake yi a watan Mayu a La Palma, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ke cikin teku daura da gaɓar Maroko. An fara shi a 2009. Tsawonsa wajen kilomita 73, jimillar hawan da ke cikinsa kuwa ta haura mita 4,000. Da asuba ake tashi daga bakin teku a Fuencaliente, a bi doron tsibirin har ƙololuwar Roque de los Muchachos mai tsayin mita 2,426, kusan kai ɗaya ke nan da Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya. Daga nan a gangaro gaba ɗaya zuwa bakin teku a Tazacorte, sannan a ɗan sake hawa zuwa garin Los Llanos de Aridane. Zakarun maza suna gamawa cikin awa 7 ko kusa da haka. Ni da kai ninki biyu za mu yi, har da ɗoriya.

Wanda ya kamata ya haƙura tun yanzu

Akwai ƙarancin atisaye, akwai kuma rashinsa ɗungurum. Mafi ƙarancin abin da zan lamunta shi ne ka shafe watanni kana fita gudu sau 3 a mako, ka taɓa yin kilomita 21 ko fiye ba ka kwanta jinya ba, kuma za ka iya awa 4 a kan ƙafa kana tafiya da sassarfa. Idan ba ka kai nan ba, rubuta wa masu shirya gasar su mayar da kai gajeren tsere. Yawancinsu suna da shi a makon gasar. Transvulcania ma tana da na fanfalaki da na rabinsa.

Ka ga likita idan kana da hawan jini, ciwon suga, asma ko wani abu da ya shafi zuciya. Ka kuma yi gwajin sikila ka san matsayin jininka. Mai AS, wato wanda ke ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, yana iya shekara da shekaru yana gudu lafiya, amma haɗuwar tsayin dutse da ƙishirwa da matsanancin aiki tana iya jawo masa matsala a saifa ko a tsoka, don haka ba abin ɓoye wa likita ba ne. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar cikin makonni biyu ko uku kafin ranar, ya bari sai baɗi.

Kayan aiki

- Takalmin gudun daji mai haƙora a tafinsa, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma. Ka bar filin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, don ƙafa tana kumbura, a gangara kuma tana zamewa gaba. Idan babu, kambas ɗin da ka saba gudu da shi ya fi sabon takalmi mai tsada da ba ka taɓa sa wa ba, muddin tafinsa bai suɗe ba.
- Safa biyu da ba na auduga ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, daga nan bororo yake farawa.
- 'Yar jakar goyo mai kama jiki, da gorunan da za su ɗauki lita 1.5 zuwa 2 na ruwa.
- Rigar ruwa ta gaske mai hula, riga mai dogon hannu ta ɗumi, safar hannu, da bargon leda mai ƙyalli irin na masu agajin gaggawa.
- Tocilar goshi da batir na ajiya, usur, da waya mai cikakken caji wadda ka sauke taswirar hanyar a cikinta.
- Sanduna biyu masu naɗewa. Ga wanda atisayensa ya gaza, su ne kayan da suka fi biyan kuɗinsu. Duba dokar gasar, wasu suna hana su a wani yanki na hanya.
- Filasta, bandeji mai miƙewa, basilin, man kare fata daga rana, hula mai baki, da ƙullin ORS guda 3 ko 4.
- Abincin aljihu: dabino, ayaba, dafaffen dankali da gishiri, biskit, ɗan gyaɗa.

Kada kayan sanyin nan su ba ka dariya don ka ga ana zufa a wurin tashi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga iska, ga jikinka jiƙe da gumi. A ranar 22 ga Mayun 2021, a wani tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, ruwa da ƙanƙara da iska suka rutsa 'yan tsere a kan tudu, akasarinsu da gajeren wando da 'yar shimi. Mutum 21 suka rasu, cikinsu har da gwanayen ƙasar. Kowace gasa tana fitar da jerin kayan dole. Ka ɗauke su duka ko da babu mai bincike.

Kuma komai na jerin nan ka gwada shi a atisaye, daga safa har dabino. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 1: Yi lissafinka da wa'adi

Sauke taswirar hawa da sauka ta gasar, da jerin zangunan ruwa, da wa'adin da aka sa wa kowanne. Wanda ya iso zango bayan wa'adi, cire masa lamba ake yi a sa shi a mota, komai roƙonsa.

Ga yadda ake auna wahalar hanya: kowace mita 100 ta hawa ana lissafa ta a matsayin ƙarin kilomita 1. Tseren kilomita 73 mai hawan mita 4,300 ya zama 116 ke nan. A ce an ba ka awa 16: dole ka riƙa cin kilomita 7 da ɗan wani abu na wannan lissafin a kowace awa, har da tsayuwa da cin abinci da kama ruwa. Yanzu fita ka gwada kanka awa 3 a kan tudu da jakarka. Idan ka yi kilomita 15 da hawan mita 600, ka samu 21, wato 7 a awa, kuma da ƙafar da ba ta gaji ba. Bai isa ba. A ganina sai kana iya 9 a awa ba tare da haki ba kafin ka ce kana da rabo, don rabin tseren na biyu zai ci maka da yawa.

Rubuta lokacin da kake son isa kowane zango a 'yar takarda, ka bar ratar minti 30 zuwa 45 tsakaninka da wa'adi, ka naɗe ta da leda ka sa a aljihun gaba. Bayan awa 10 ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa bakwai da biyar.

Mataki na 2: Makonnin da suka rage

Idan kana da mako 6 zuwa 8, kada ka yi ƙoƙarin rama abin da ya wuce ta hanyar ninka gudu. Hanyar targaɗe da ciwon gwiwa ke nan. Abu uku kawai za ka sa gaba.

Na farko, doguwar tafiya sau ɗaya a mako, da jaka da sanduna: awa 3, mako na gaba 4, har ka kai 5 ko 6. Washegari ka ƙara awa 2 da gajiyayyar ƙafa.

Na biyu, hawa da sauri a tafe. Wanda ke Jos yana da duwatsun Shere, na Zariya yana da Kufena, na Kano ya yi ta hawa da sauka a Dala ko Goron Dutse. Inda gari shimfiɗe yake, matakalar filin wasa ko ta dogon bene ta wadatar, minti 40 zuwa awa ɗaya. Akwai gundura, amma tana aiki.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne gangara. Nemi gangara mai tsawo ka sauko da gudu sau da yawa, har washegari ka ji cinyoyinka suna ciwo in za ka zauna. Wannan ciwon riga-kafi ne: tsokar da ta sha shi sau ɗaya ko biyu tana jure na gaba sosai har tsawon makonni. Ka yi na ƙarshe saura mako 2 zuwa 3.

Mataki na 3: Kwana goman ƙarshe

Rage komai zuwa rabi, sannan zuwa kusan babu. Yanke farcen ƙafa saura kwana 4 ko 5, kada ka bari sai jajibiri. Kwana biyu kafin ranar ka ƙara shinkafa, taliya ko dankali, ka rage wake, yaji da ganye. Barcin daren jajibiri ba ya samuwa ga kowa, don haka na daren da ya gabace shi za ka kare. Ka karya awa 2 zuwa 3 kafin tashi da abin da cikinka ya sani. Shafa basilin a matse-matsi, hammata da tsakanin yatsu, ka liƙa filasta a kan nono da duk inda takalmi ya saba cin ka. Batun sallah kuwa, ka tsara shi tun a gida: duba zangunan da azahar da la'asar za su riske ka, ka tambayi malaminka hukuncin haɗawa da taimama ga matafiyi, ka sa mintunan cikin lissafinka.

Mataki na 4: Awa ukun farko

Tsaya a baya-baya. Za a saki kiɗa, ɗaruruwan tociloli su tashi kamar an kora su, jikinka ya ce ai ba komai. A Transvulcania farkon hanyar baƙin yashi ne na aman wuta, ka taka gaba ƙafa ta zame baya, ƙura ta cika haske. Duk wanda ya yi kokawa da yashin nan don ya wuce mutum goma, zai biya bashin da la'asar.

Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da yankewar numfashi ba, ka yi sauri da yawa. Bar su su wuce. Da yawansu za ka tarar da su zaune a gefen hanya.

Mataki na 5: Hawa

Duk tudun da ba ka hango ƙarshensa ba, taka shi za ka yi. Gajeren taku, jiki ya ɗan ranƙwafa daga ƙugu, sanduna suna turawa daga baya. Idan babu sanduna, dafa cinyoyinka da tafin hannu kana dannawa a kowane taku. Kada ka yi ta tsayawa kana tashi. Gara tafiyar da ba ta yankewa komai sanyinta. Gudu na shimfiɗaɗɗen wuri ne da gangara mai laushi, shi ma sassarfa. Da ka haura mita 2,000 za ka ji numfashi ya yi gajarta, kai ya ɗan yi nauyi. Rage sauri kawai, ka ci wani abu.

Mataki na 6: Ci da sha da agogo

Kada ka jira yunwa, ba za ta zo ba. Kasala da ɓacin rai ne za su zo a madadinta. Saita agogo ya yi ƙara kowane minti 25 ko 30, ka ci wani abu tun daga awar farko. Abin da ake nema shi ne giram 50 zuwa 60 na sukari da sitaci a kowace awa. Manyan dabino 3 ko ƙanana 10 sun kai haka, ayaba biyu ma haka. Ci a kan hawa lokacin da kake tafe, don a gangara ciki ba ya karɓa. Bayan awa 6 ko 7 zaƙi zai gundure ka, sai ka koma dankali da gishiri, burodi, ko romon da ake bayarwa a zango. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kaɗan-kaɗan, maiƙo yana daɗewa a ciki.

Ruwa kuwa, wajen rabin lita a awa, ƙari kaɗan in rana ta take, da kurɓi-kurɓi. Kuskuren sabon shiga shi ne ɗura zallan ruwa ba gishiri. Idan ka ga zobe ko agogo ya matse, yatsu sun kumbura, ciki yana ƙugi da ruwa, kai yana ciwo, gishirin jininka ne ya yi ƙasa, kuma abin yana kisa. Dakata da ruwan, ci abu mai gishiri, ka gaya wa ma'aikatan lafiya a zango na gaba. Gora ɗaya ruwa, ɗaya ORS, shi ne tsarin da na fi natsuwa da shi.

Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don kashe ciwo a hanya. Ƙoda tana cikin wahala da ƙishirwa da dattin tsokar da ke narkewa, waɗannan magunguna kuma suna rage jinin da ke isa gare ta.

Mataki na 7: Zango

Tun kafin ka iso ka buɗe murfin gorunanka, ka san abin da za ka yi: cika ruwa, cika aljihu, fita kana tauna. Minti 2 zuwa 3. Zango goma a minti goma-goma ya cinye maka fiye da awa ɗaya da rabi. Wuri ɗaya ko biyu kawai za ka zauna, kuma don aiki: a ƙololuwa kafin babbar gangara, ka cire takalmi ka zazzage tsakuwa, ka sauya safa, ka ƙara ɗaure igiyar sosai a wajen idon sawu don kada ƙafa ta riƙa dukan gaba. Duk inda ka ji ɗan zafi-zafi a fata, liƙa filasta nan take, kafin ya zama bororo. Idan ya riga ya tashi, bar wa masu agaji su huda shi da allura mai tsabta, kada a ɓare fatar.

Mataki na 8: Babbar gangara

Nan ne ake gane wanda bai yi atisaye ba. Daga Roque de los Muchachos, inda manyan na'urorin hangen taurari suke, zuwa Tazacorte, za ka sauke mita 2,400 cikin ƙasa da kilomita 20, bayan ka riga ka yi 50. Sama akwai sanyi, ƙasa kuma zafi yana jiranka. Mutane suna murna sun gama hawa, sai su saki jiki, kafin rabin hanya cinya ta sage. Za ka ga ƙato yana saukowa da baya-baya, ko a karkace yana dafa dutse, kowane taku da nishi.

Abin da ke kashe cinya shi ne birki. Duk lokacin da ka miƙa ƙafa can gaba ka dira da dunduniya, jikinka a jingine baya, tsokar gaban cinya ce take tare nauyinka duka, kuma tana yayyagewa kaɗan-kaɗan. Direban tirela da ke saukowa Hawan Kibo ba ya dogara da birki, ƙaramin giya yake sawa tun daga sama. Haka za ka yi. Taku gajere, mai yawa, ƙafa tana dira a ƙarƙashin ƙugunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji yana bin gangarar. Idonka ya kasance taku uku ko huɗu a gaba, ba a kan yatsunka ba. Inda duwatsu suka yi matakala masu tsayi, kafa sanduna ƙasa tukuna ka sauko a kansu, kana sauya ƙafar da ke fara sauka. Kowane minti 10 na sassarfa, ka taka minti ɗaya ko biyu tun cinyar ba ta nema ba.

Kada ka daina ci a nan. Mutane suna mantawa saboda ido yana kan hanya, sai su iso ƙasa ba komai a jiki alhali akwai sauran hawa na mita ɗari uku da wani abu kafin gari. Tsaya cak, ci, sha, jiƙa hularka, sannan ka ci gaba. Tauna kana gudu a kan duwatsu hanyar faɗuwa ce.

Idan jijiya ta ɗaure, tsaya ka miƙe tsokar a hankali, ka taka na mintuna, ka rage sauri. Gajiyar tsoka ce galibi take kawo shi, don haka gishiri kaɗai ba zai warware ba.

Mataki na 9: Rarrabe wahala da haɗari

Wani lokaci zai zo da za ka tsani dutsen, da tseren, da wanda ya ba ka shawarar shiga. Yawanci yunwa ce. Ci, sha, taka minti 20, kada ka yanke hukunci a kan tudu ko da shigarka zango. Tashin zuciya ma yakan lafa in ka rage sauri ka koma kurɓar ruwa da ɗan lemon kwalba. Ciwon cinya, bororo, baƙin farce, duk ana tafiya da su.

Waɗannan kuwa ba a tafiya da su:

- ciwon ƙirji, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka huta;
- fitsari mai launin baƙin shayi, ko awanni da yawa ba fitsari alhali kana sha;
- ruɗewa, tangaɗi, magana tana harɗewa;
- karkarwar sanyi da ta ƙi tsayawa bayan ka sa duk kayanka;
- amai a kai a kai har ruwa ba ya zama;
- ciwo mai suka a ƙashi ko gaɓa wanda ke ƙaruwa da kowane taku.

Ko ɗaya ka gani, tseren ya ƙare. Ka janye a zango, ka miƙa lambarka ga jami'i don kada a fita nemanka cikin dare. Idan tsakanin zanguna ne, sa rigar ɗumi da ta ruwa, naɗe da bargon leda, zauna a kan jakarka a inda iska ba ta bugu, kira lambar gaggawa da ke jikin takardar lambarka, ka busa usur. Kada ka yanke ta wata hanya don kana ganin ta fi kusa. In kuma wani ka tarar a wannan hali, tsayawa dole ce.

Mataki na 10: Bayan ka tsallake layi

Sa busassun kaya nan da nan, don sanyi yana kama mutum da zarar ya tsaya. Ci abin da ya samu, sha a hankali, ka lura da launin fitsarinka na kwana biyu. In ya yi duhu ko ya ƙi zuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, asibiti kai tsaye. Kada ka tuƙa mota a daren. Ciwon cinya ya fi tsanani a rana ta biyu, don haka in da hali kada ka sa doguwar tafiyar jirgi washegari, in kuma ta kama, ka riƙa tashi kana takawa. Mako biyu ba gudu, sai tafiya. Baƙin farcen kuma ka ƙyale shi, zai faɗi da kansa in sabo ya turo.